Abin da Yaƙi Ke Bari a Zuciyar Yaro

Idan an yi yaƙi, ko wani tashin hankali mai kama da shi, abin da a kan fara ƙidayawa shi ne waɗanda suka rasu, da waɗanda suka ji rauni, da gidajen da suka ƙone, da shanun da aka kora. Akwai wata ɓarna kuwa wadda ba ta shiga lissafi, gama ba ta zub da jini, ba a kuma ɗaure ta da bandeji. Ita ce wadda tsoro ke yi wa hankalin yaro. An shirya wannan bayani domin iyaye, da malaman makarantun allo da na boko, da dagatai da masu unguwanni na ƙasashen Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, don su san kamannin wannan ɓarna, su kuma san cewa mafi yawan maganinta yana hannun mutanen gida.

Ƙasar nan ta san yaƙi

Kudancin Kano ya daɗe da sanin ƙarar makamai. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, Ningawa su kan sauko daga duwatsunsu su kai hari garuruwan kudu, su kori dabbobi, su kama mutane, da yawa cikinsu mata da yara. Ganuwowin da a ke ganin kufansu, da sunayen garuruwa irin su Kafin Maiyaƙi, shaida ce ta lokacin da mutum ba ya kwana sai bayan kafi ko ganuwa. A 1893 aka fara basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa. A 1903 kuma, sa'ad da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya, Bebeji ne garin da ya fara rufe mata ƙofa. Aka harba igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin ya rasu a nan tare da waɗansu mutanensa, ran 3 ga Fabrairu aka ci Kano. Labarin waɗannan yaƙe-yaƙe duk na sarakuna ne da barade. Amma cikin kowane gari da aka ci akwai yaran da suka laɓe bayan rumbu suna kallo.

Na wannan zamani ya sake kama. Wajen 2015 da 2016 ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa suka yi sansani cikin dajin Falgore, suka addabi rugage da ƙauyukan gefensa da matafiya bisa hanyar Jos, har a 2017 sojoji suka shiga dajin suka mai da wani sashensa wurin horo. Rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Borno da Yobe, waɗansu suka sauka wajen 'yan'uwa a garuruwan Kano. A 2015 Gwamnatin Jihar Kano ta karɓi marayu 100 daga Borno ta sa su makarantar kwana a Mariri. Bayan an sace 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu 2021, an rufe waɗansu makarantun kwana na Jihar Kano na ɗan lokaci. Kwalejin koyon sana'a ta Bagauda da ke ƙasar Bebeji tana cikin waɗanda aka rufe a farkon 2021.

Watau ke nan yaran da a ke magana a kansu iri uku ne. Akwai wanda ya gani da idonsa. Akwai wanda aka gudo da shi daga wata ƙasa, yana zaune yanzu gidan kawunsa ko baffansa. Akwai kuma wanda bai ga kome ba, sai dai an kwashe shi daga makaranta da gaggawa, ko kuwa ya ji manya suna ta maimaita labari, har tsoro ya shige shi.

Yadda tsoro ke aiki cikin jiki

Allah ya halicci ɗan Adam da wata dabara ta tsira. Da zarar ido ya ga haɗari, ko kunne ya ji shi, sai ƙwaƙwalwa ta aika wa waɗansu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bisa ƙoda, su zubo wani sinadari cikin jini wanda likitoci ke kira adiranalin. Nan take zuciya ta kama bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, jini ya tafi ƙafafu da hannuwa don mutum ya gudu ko ya kare kansa. Wani kuwa sandarewa ya kan yi, ya kasa ko motsi. Idan haɗarin ya wuce, jiki ya kan koma daidai cikin ɗan lokaci.

To, amma idan tsoron ya yi tsanani ƙwarai, ko ya yi ta maimaituwa dare bayan dare, sai wannan dabara ta zama kamar maigadin da ya taɓa ganin ɓarawo, daga ran nan ko akuya ta taɓa ƙyaure sai ya yi kururuwa. Ƙwaƙwalwa ta kan ajiye ƙara, da wari, da hasken ranar da abin ya faru, ta haɗa su da haɗari. Saboda haka yaron da 'yan bindiga suka zo ƙauyensu bisa babura ya kan zabura in ya ji babur da dare, ko da na maƙwabcinsu ne. Wani warin ƙonannen ciyawa ke tayar masa da hankali, wani bindigar hawan Salla, wani kuwa ganin mai rawani rufe da fuska. Yaron ba da gangan ya ke yi ba, ba kuwa ya iya hana kansa, kamar yadda mutum ba ya iya hana kansa atishawa.

An lura da wannan hali ga sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na 1914 zuwa 1918. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin littafinsu na cututtuka da suna nasa na kansa. An daɗe ana zaton yara ƙanana sun tsira daga gare shi, wai don ba su da wayo. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Yaro ya kan rasa kalmomin da zai faɗi abin da ke damunsa, sai jikinsa da halinsa su faɗa a madadinsa.

Ɗan ƙasa da shekara biyar ya kan ƙanƙame uwarsa, ko banɗaki za ta sai ya bi ta da kuka. Ya kan koma baya ga abin da ya riga ya bari, kamar fitsarin kwance da tsotsar yatsa. Wani ya kan kama in'ina, wani ya daina magana ɗungum. Ɗan shekara shida zuwa goma sha biyu ya kan yi mafarkai masu firgitarwa, ya yi ta kukan ciwon ciki ko ciwon kai wanda malamin asibiti ya duba bai ga dalilinsa ba. A makaranta hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, allon da ya kan haddace cikin kwana biyu sai ya yi mako bai wanke ba. A kan ga irin waɗannan yara sun yi bindigar kara suna ta kwaikwayon harin da suka gani, yau haka gobe haka, ba dariya ba raha. Akwai kuma wani abu da manya ba su cika zato ba: yaro a wannan shekaru ya kan ɗora wa kansa laifi. Sai ya ƙudura a ransa cewa don ya ƙi aike ran nan, ko don shi ne ya yi kuka aka ji inda suka ɓuya, shi ya sa aka kashe babansa. Ya kan yi shekaru da wannan nauyi bai faɗa wa kowa ba.

Samari da 'yan mata nasu ya fi haɗari, domin suna da ƙarfin aikata abin da zuciya ta raya musu. Wani ya kan zama mai saurin fushi, wani ya ƙaurace wa abokai, wani ya nemi mantuwa cikin shaye-shaye, wani kuwa ya zauna ba abin da ya ke tunani sai ramuwa. Masu ɗibar yara cikin ƙungiyoyin makamai sun san wannan sarai, irin waɗannan samari su ke nema.

Kada wannan bayani ya karya wa kowa gwiwa. Yawancin yaran da suka nuna waɗannan alamu su kan warware cikin 'yan makonni ko watanni, in sun sami kwanciyar hankali. Abin tambaya shi ne, me ya sa waɗansu ke warwarewa, waɗansu kuwa ba sa warwarewa, alhali abu ɗaya suka gani?

Abin da aka koya a Ingila

An sami babban sashe na amsar wannan tambaya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 'yan kwanakin farko na Satumba 1939, Gwamnatin Ingila ta kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga manyan birane zuwa ƙauyuka don gudun bama-baman jiragen Jamus. Da yawa cikinsu 'yan makaranta ne da aka raba da iyayensu, aka rataya wa kowane takarda mai sunansa, aka damƙa su ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Niyyar kyakkyawa ce, ta kuma ceci rayuka.

A unguwar Hampstead ta birnin Landan, waɗansu mata biyu masana halayyar yara, Anna Freud da Dorothy Burlingham, suka buɗe gidajen renon yaran da yaƙi ya raba da gidajensu. Suka riƙa rubuta abin da su ke gani yau da gobe, suka buga shi cikin littafi a 1943. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki. Ƙananan yaran da suka kwana cikin ramukan ɓuya tare da uwayensu, bama-bamai na sauka, ba su cika nuna rauni mai zurfi ba muddin uwar ta daure. Idan uwar ta kiɗime, ɗan ma ya kan kiɗime. Waɗanda aka raba da uwayensu farat ɗaya kuwa, ko da an kai su inda ba a jin ƙarar kome, su ne suka fi yawan kuka da ƙin abinci da fitsarin kwance. A 1951 wani likita, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto bisa yaran da suka rasa gida, ya ƙarfafa wannan magana, cewa ƙaramin yaro yana bukatar mutum guda tsayayye wanda ya shaƙu da shi kamar yadda ya ke bukatar abinci.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Yaro bai san girman haɗari ba, a fuskar babba ya ke karanta shi. Kowa ya taɓa ganin ɗan tatata ya faɗi, ya ɗaga kai ya dubi uwarsa tukuna kafin ya yanke shawarar ko zai yi kuka. Haka ya ke yi da ƙarar bindiga. Ga yaro ƙarami, duniya ita ce bayan uwarsa, da muryar kakarsa, da lokacin da a ke ba shi koko. In waɗannan suna nan, duniya tana nan, ko da gida ya ƙone.

Wani lokaci rabuwa ta kan zama tilas. A yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 an kwashe yara wajen 5,000 cikin jirgin sama zuwa Gabon da Kwaddibuwa da tsibirin Sao Tome, domin yunwa za ta kashe su. Da yaƙi ya ƙare aka komo da su, sai aikin neman iyayensu ya zama ja, gama waɗansu an tafi da su tun ba su san sunan ubansu ko garinsu ba. Don haka ya kamata kowane yaro da ya fara magana a koya masa cikakken sunansa, da na mahaifinsa, da na garinsu.

Inda a kan yi kuskure a gida

Hausawa suna da wata gata wadda ƙasashe da yawa ba su da ita, watau dangi. Da wuya maraya ya rasa mai ɗaukarsa, addini kuwa ya yi horo mai ƙarfi da kyautata masa. Amma yadda a kan yi rabon marayu bayan sadakar bakwai ko ta arba'in yana bukatar a sake dubawa. Sai a ga an ba goggo ɗaya, kawu ɗaya, baffa ɗaya, kowa ya tafi da nasa wani gari, don a rage wa juna nauyi. Yaron da ya rasa uba, ga shi an raba shi da uwa, an kuma raba shi da yayarsa wadda ita kaɗai ta san abin da suka gani tare, ya yi rashi uku ke nan. In da hali, a bar 'yan'uwa wuri ɗaya, sauran dangi su riƙa aiko da hatsi da kuɗi. In uwar tana da rai, a taimake ta ta riƙe 'ya'yanta. Haka nan tura yaron da bai daɗe da ganin tashin hankali ba zuwa almajiranci garin nesa, ya kamata a jinkirta shi, ya yi karatunsa wajen malamin unguwa ya riƙa kwana gida.

Na biyu shi ne bulala. Yaro ɗan shekara takwas ya jiƙa tabarma, sai a doke shi, ko a tara yara su yi masa waƙar tsiya a bayan gida. Abin da tsoro ya haifar, ƙarin tsoro ba ya kawar da shi. A rage masa ruwa da dare, a tashe shi ya zaga kafin manya su kwanta, a wanke shimfiɗar ba tare da surutu ba. Malami kuma da ya ga ɗalibi mai ƙwazo ya dushe farat ɗaya, ya tambayi gidansu tukuna kafin ya ɗaga dorina.

Na uku, ɓoye gaskiya. Don tausayi a kan ce wa yaro babansa ya yi tafiya. Sai ya zauna bakin ƙofa yana jira, wata da watanni, har ran da wani yaro zai gaya masa a wurin wasa. Daga ran nan ba zai ƙara gaskata manyan gidan ba. Abin da ya fi shi ne wanda yaron ya fi shaƙuwa da shi ya zaunar da shi, ya gaya masa da kalmomi kaɗan masu sauƙi cewa baba ya rasu, ba zai komo ba, ba kuwa laifin yaron ba ne, ga kuma wanda zai riƙe shi. Ba sai an bayyana masa yadda aka yi kisan ba. Zai yi ta maimaita tambaya ɗaya, a yi ta ba shi amsa ɗaya. Kunya da kawaici halaye ne na kirki, amma kada su hana a saurari yaro in ya so magana. In bai so ba kuwa, kada a matsa masa, kada kuma a riƙa kiransa gaban baƙi ya ba da labari.

A nan ya kamata a ambaci wayar hannu. Hotunan gawawwaki da a ke turawa daga waya zuwa waya, manya na kallo a zaure yara na leƙe ta kafaɗa, suna iya sa wa yaron da bai taɓa barin Kiru ba irin mafarkin wanda ya gudo daga Bama. Haka hirar hare-hare da a ke yi a tsakar gida bayan sallar lisha.

Sau da yawa in yaro yana firgita cikin barci, ko ya daina magana, a kan ce iska ce ta taɓa shi, ko maye ya kama shi. Addu'a da tofi da karatu a kunnen yaro suna kwantar masa da hankali, musamman in wanda ya ke ƙauna ne ke yi, ba kuwa likitan da zai hana. Abin da a ke gargaɗi a kai shi ne ɗaure yaro, ko dukansa da sunan fitar da aljani, ko turara masa hayaƙi mai shaƙewa, ko zargin wata tsohuwa maƙwabciya, wanda ya kan jawo wata fitinar dabam.

Komawa ga abin da aka saba

Ba abin da ke gaya wa jikin yaro cewa haɗari ya wuce kamar ya ga yau ta yi kama da jiya. A ci abinci lokacin da aka saba, a kwanta lokacin da aka saba, kaka ta koma yin tatsuniya, a bar ɗan haske a ɗaki in yana tsoron duhu. A bar shi ya yi langa, 'yan mata su yi gaɗa da carafke. Ko wasan bindigar kara kada a hana shi da tsawa, gama ta nan ya ke fitar da abin da ke cikinsa. Babba ya zauna kusa ya saurara. A ba shi ɗan aikin da zai iya, kamar ba kaji dawa ko rakiya gona, don ya ji yana da amfani. A mai da shi makaranta da wuri. Uwa kuma a dube ta, domin macen da ba ta barci, ba ta da mai jin kukanta, ba za ta iya zama inuwar ɗanta ba; maƙwabta da suka ɗauke mata daka da ɗiban ruwa na 'yan makonni sun yi wa yaron magani ba su sani ba.

Akwai yaran da aka sace aka tsare a daji, ko aka tilasta musu ɗaukar makami, sa'an nan suka komo. A Saliyo, inda aka yi yaƙi daga 1991 zuwa 2002, wata masaniya mai suna Theresa Betancourt da abokan aikinta sun bi ɗaruruwan irin waɗannan yara shekara da shekaru. Suka tarar waɗanda danginsu da garinsu suka karɓe su, suka kuma koma makaranta, sun fi samun sauƙi. Waɗanda aka riƙa nunawa da baki ana yi musu gori kuwa, ciwonsu ya fi daɗewa. Wannan aiki ne na dagaci da liman da mai unguwa. Su ne za su hana a laƙaba wa yaro suna, su hana a ce kada 'ya'yan wane su yi wasa da shi, su kuma tsare mutuncin yarinyar da ta komo daga hannun 'yan bindiga, wadda ba ta da laifin kome.

Idan an yi duk wannan, wata guda ya wuce alamun ba su ragu ba, ko suna ƙaruwa, sai a kai yaron asibitin gwamnati mafi kusa a yi wa likita bayanin abin da ya gani da yadda halinsa ya sake. Ba a jiran wata guda in yaro ya ƙi ci har yana ramewa, ko ya daina magana sam, ko ya ambaci kashe kansa ko wani, ko ya fara shaye-shaye. Wannan a tafi da shi ran nan. In likita ya ga ya kamata, zai tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, yawancin aikin kuwa hira ce da wasa da zane, tare da koya wa iyaye abin da za su yi a gida. Kada a saya wa yaro maganin barci a kemis ba da takardar likita ba. Wanda zai raka shi asibiti ya zama mutumin da yaron ya fi sakewa da shi, ya kuma tafi da shirin komawa sau da dama, gama ba a gama irin wannan jiyya da zuwa ɗaya.